Cardal, Garin Madara Inda Aka Fara Ba Kowane Ɗan Firamare Kwamfuta

Galibin mutanen ƙasar nan in an ambaci Yurugwai, ba abin da ke faɗo musu a rai sai ƙwallon ƙafa. Ba su kuwa yi laifi ba, gama a can ne aka yi gasar cin kofin duniya ta farko a 1930, su ne suka ɗauka, suka kuma sake ɗauka a 1950. Har wa yau akwai waɗanda ba su huce ba tun ranar da Luis Suárez ya sa hannu ya tare ƙwallon 'yan Gana a 2010. To, amma wannan 'yar ƙaramar ƙasa ta Kudancin Amurka, wadda ke maƙale tsakanin Birazil da Ajantina, akwai wani abin da ta riga kowa yi a duniya wanda bai shafi fili ko raga ba. Ita ce ƙasa ta farko da ta miƙa wa kowane yaro na makarantun firamaren gwamnati kwamfuta tasa ta kansa, ya yi aiki da ita a aji, in an tashi ya rataya abarsa ya tafi da ita gida. An soma wannan aiki ne a wani ɗan gari wai shi Cardal.

Matafiyin da ya tashi daga Montevideo, babban birnin ƙasar da ke bakin ruwa, arewa zai nufa, ya ratsa lardin Canelones mai gonakin inabi, ya haye kogin Santa Lucía, sai ga shi a lardin Florida. Kada mai karatu ya zaci Floridar Amurka ce, suna ne kawai ya zo ɗaya. Tafiyar duka kimanin kilomita 80 ce. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba manyan duwatsu, ba dokar daji, sai 'yan tuddai nan da can, da ciyawa kore shar iyakar ganin ido an kewaye ta da waya. Ga layukan itatuwan turare da aka dasa don su tare iska, ga shanu masu roɗi-roɗin fari da baƙi suna ta kiwo ba mai kora su. Jama'ar ƙasar duka-duka miliyan 3 da rabi ne, amma shanunsu sun haura miliyan 11, watau in da za a raba, kowane mutum zai tashi da saniya uku har da ɗoriya. Makiyayin da ya saba bin ruwa da ciyawa daga wannan jiha zuwa waccan, in ya ga wannan wuri sai ya riƙe baki.

Shi Cardal tashar jirgin ƙasa ce ta haife shi, kamar yadda reluwe ta haifi garuruwa da yawa. Sunan ya samo asali daga wata ciyawa mai ƙaya da ke fitowa a wannan karkara. A ƙidayar 2011 an sami mutum 1,200 da 'yan kai a cikinsa, kuma kirarin da ake yi masa shi ne cibiyar ƙasar madara, domin rayuwar wurin a kan tatsa take, safe da yamma, sa'an nan motocin tanki su bi gona-gona su kwashe. Sifaniyanci suke yi. Abin da baƙo zai fara lura da shi a jikin mutanen ƙasar shi ne fulas a hammata da wani ɗan ƙoƙo a hannu, suna tsotsar wani ganye mai ɗaci da suke kira mate ta cikin bututun ƙarfe, a hanya, a ofis, a bakin ƙofa. Da yake ƙasar tana kudu da tsakiyar duniya, lokutansu a juye suke. Sanyinsu mai tsanani a watannin Yuni da Yuli yake, shekarar makaranta kuwa tana farawa cikin Maris ta ƙare cikin Disamba.

Da safe tituna sukan cika da yara sanye da farar taguwa mai kama da ta likita, kowa da wani shuɗin ƙyalle da aka ɗaure masa a wuya. Wannan ita ce suturar 'yan firamaren gwamnati a ko'ina cikin ƙasar, ɗan mai gona da ɗan mai tatsa duk ɗaya, kuma mutanen Yurugwai suna alfahari da ita ƙwarai. Tun a 1877, bisa ƙoƙarin wani mutum nasu José Pedro Varela, aka yi dokar da ta mai da ilmin firamare kyauta kuma tilas. Ya kamata a riƙe wannan tun da wuri, domin kwamfutar da ta zo daga baya ba kango ta tarar ba. Ta tarar da makarantu a tsaye, da malaman da aka horar, da jama'ar da kusan kowane baliginsu ya iya karatu da rubutu.

A farkon wannan tarihi babu abin da za a ce sai takarda: a Afrilun 2007 ne Shugaba Tabaré Vázquez, wanda asalinsa likitan ciwon daji ne, ya sa hannu a dokar da ta kafa shirin. Aka raɗa masa suna Ceibal, watau kurmin ceibo, wani itace mai jar fure wanda shi ne furen da ƙasar ta ɗauka alamarta. Cikin watan Mayu sai aka isa Cardal, makaranta mai lamba 24 wadda ake kira Italiya, aka ba yaranta su kimanin 150 da malamansu kowa tasa.

Na'urar kanta abin kallo ce. Sunanta XO, launinta kore da fari, girmanta bai wuce na babban littafi ba, tana da mariƙi irin na jaka da wasu 'yan kunnuwa biyu da ake miƙarwa su kamo intanet, kuma ana iya karanta fuskarta ko a tsakar rana. Wani malamin jami'ar MIT ta Amurka, Nicholas Negroponte, shi ya zo da shawararta a 2005, ya ce za a ƙera wa 'ya'yan matalautan ƙasashe kwamfuta a kan dala 100. A ƙarshen wannan shekara aka nuna samfurinta a birnin Tunis tare da Kofi Annan, wanda a lokacin shi ne Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, har hannun da ake murzawa don ta sami wuta ya ɓalle a wurin. Da aka zo ƙera ta sosai an jefar da wannan hannu, kuɗinta kuma ya tashi ya kusa ninkawa. Amma babban abin da ke bayan wannan shawara shi ne imanin masu ita, cewa muddin na'ura ta shiga hannun yaro to zai koya wa kansa, ko da malami ko babu. Negroponte ya yi nisa a wannan ra'ayi har a 2011 ya yi maganar a riƙa jefa wa ƙauyuka irin waɗannan na'urori daga jirgi mai saukar ungulu, a dawo bayan shekara a ga ko yara sun iya karatu.

Wannan koriyar kwamfuta ba baƙuwa ba ce a Nijeriya, hasali ma ta riga zuwa nan kafin ta je Cardal. Cikin Maris na 2007 an raba kimanin guda 300 a makarantar firamare ta Galadima da ke bayan garin Abuja, aka kai musu injin wuta da faifan kamo intanet, ana ta maganar gwamnati za ta sayi miliyan guda. Gwamnati ta sauya a watan Mayu, maganar ta bi ruwa. Ministan Ilmi na lokacin, Igwe Aja-Nwachuku, ya tambaya a fili ko mene ne amfanin ba yaro kwamfuta alhali ba shi da kujerar zama a aji. Tambayar tana da nauyi, ba kuwa za a ce bai yi gaskiya ba. Na'ura ɗaya ce, shekara ɗaya, amma a Galadima gwaji ne na baƙi masu kyakkyawar niyya, a Cardal kuwa gwamnati ce ta ɗauki abin a kanta, da kasafinsa da ma'aikatansa.

A watannin farko murna ce ta cika Cardal. Wani yaro ya ɗauki kwamfutarsa ya shiga garke ya ɗauki hoton saniya tana haihuwa, aka sa a intanet, dubban mutane a ƙasashe daban-daban suka kalla, labarin ya zama abin ambato duk inda ake maganar shirin. Da abin ya bazu zuwa sauran garuruwa sai aka riƙa ganin yara da yamma, har da ranakun hutu, sun jeru a gindin katangar makaranta kowa da tasa bisa cinya, domin a nan ne intanet ke kamawa. Wani abin sha'awa kuma shi ne yadda aka tsara rabon. Ba a fara da babban birni ba kamar yadda aka saba. Sai da aka gama lardin Florida, aka bi sauran lardunan karkara a 2008, sa'an nan aka shiga Montevideo, inda aka miƙa na ƙarshe cikin Oktoban 2009. A lokacin yara kimanin 362,000 da malamai 18,000 suka samu, an kuma kiyasta kuɗin kowane yaro a kan dala 260, har da gyara da intanet da horon malamai. Mafi yawan yaran nan ba a taɓa ajiye kwamfuta a gidajensu ba.

To, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Abin da ke hannun yaro ɗan shekara bakwai, yau ya faɗi ƙasa, gobe ruwa ya taɓa shi, jibi ƙane ya ɓanɓare maɓallansa. Wajen 2010 wani bin diddigi da aka yi ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kwamfutocin ba sa aiki. Sai mai karatu ya auna halin malama da ta kwana tana shirya darasi, ta shigo aji ta ce kowa ya buɗe tasa, sai ta tarar ta wannan ta mutu, wancan ya manta bai sa caji ba, waccan ta baro tata a gida, intanet kuma yana jan ƙafa don yara talatin sun hau shi a lokaci guda. Kafin ta daidaita su rabin lokacin darasi ya wuce. Malamar da ta sha wannan sau biyu sau uku, ba wanda zai ga laifinta in ta koma ga alli da allonta. Daɗin daɗawa, horon da aka ba malaman da farko ya fi karkata ga yadda ake sarrafa na'urar, ba yadda za a koyar da raba lamba ko fahimtar labari da ita ba.

A 2013 sai ga sakamakon da ya sanyaya jikin masu shirin. Masana tattalin arziki na babbar jami'ar ƙasar sun bi sawun yara na wasu shekaru, suka ce ba su ga alamar kwamfutar ta ƙara musu ƙwazo a lissafi ko karatu ba, kuma abin da aka fi yi da ita a aji shi ne neman bayani a intanet. Shekara guda kafin nan an sami irin wannan labari daga Peru, wadda ta sayi fiye da 800,000. Bankin Raya Ƙasashen Amurka ya auna makarantu 319 na karkararta, bai ga wani ci gaba a lissafi ko harshe ba. Ashe yaro yakan iya koya wa kansa latse-latse cikin kwana biyu, amma wannan dabam, iya lissafi dabam.

Gwamnatoci da yawa a nan suke tsayawa. Wasu su ɓoye rahoto, wasu su bar na'urori su ruɓe a sito, a jira wata sabuwar yayi. Abin da ya sa Yurugwai ta cancanci a je a gani shi ne ba ta yi ko ɗaya daga cikin biyun ba. An ƙarfafa wuraren gyara, an tura malamai na musamman da aikinsu shi ne su zauna da malamin aji su shirya darasi tare, an gayyato wani masanin ilmi na Kanada, Michael Fullan, ya duba ya ba da shawara. Sannu a hankali tambayar da ake yi ta sauya. Maimakon a ce ga na'ura, me za a yi da ita, sai aka koma cewa ga abin da ya gagari makaranta, ko na'ura za ta iya taimakawa.

Koyar da Turancin Ingilishi shi ne misali mafi kyau, kuma ya kamata a tsaya a kansa. Ƙasar tana so 'yan aji huɗu zuwa shida su koyi Ingilishi, amma ba ta da isassun malaman da suka iya shi, balle a ƙananan garuruwa irin su Cardal. Tun daga 2012, tare da haɗin gwiwar hukumar British Council, aka fito da wata dabara. A mako ana yin darasi uku, kowanne minti 45. Na farko wani malami ne ke bayarwa daga nesa, yana iya zama a Montevideo, ko Ajantina, ko ma ƙasar Filifin da ke can wani ɓangaren duniya. Fuskarsa tana fitowa a wani babban allon talabijin a gaban aji, yana ganin yara suna ganinsa, ya san sunayensu, ya kira wannan ya tambaye shi, ya gyara wa waccan furuci. Ba fim ba ne aka naɗa, mutum ne da ransa a daidai wannan lokaci. Malamar aji kuwa ba ta fita shan iska. Tana tsaye cikin yaranta, ita ke nuna wanda ya ɗaga hannu, ita ke raba su biyu-biyu, ita ke lura da wanda ya yi shiru a lungu don ta san abin da ya baro a gida. Sauran darasi biyu na mako ita kaɗai ke jagorantarsu, bisa tsarin da suka tattauna da malamin nesa. Da yawa daga cikin malaman nan ba su iya Ingilishi ba lokacin da aka fara, tare da yaran suke koyo, kuma ba sa ɓoye wa yaran haka. Yara wajen 80,000 suka riƙa samun darasi ta wannan hanya a shekara.

In an lura, a nan ba kwamfutar yaro ce ke gaba ba. Abin da aka yi shi ne an nemo mutumin da makaranta ta rasa, aka kawo shi ta waya, aka haɗa shi da mutumin da makaranta ke da shi. Dabarar kuma ba za ta yiwu ba sai da kamfanin sadarwa na gwamnati, Antel, ya ja wa makarantun birane da garuruwa igiyar intanet mai ƙarfi, wadda hoto ba ya tsayawa a tsakiyar magana. Wannan aiki ne na tona rami da binne waya, ba ya ɗaukar ido a ranar bikin rabo, amma shi ne ƙashin bayan abin.

A lissafi ma an bi irin wannan hanya. A 2013 an kawo wata manhaja da ke ba yaro aiki daidai ƙarfinsa, in ya kuskure ta nuna masa inda ya kauce ta ba shi wani makamancinsa, malama kuma ta ga a nata allon wane ne ya maƙale a ina. Binciken da aka yi daga baya ya nuna masu aiki da ita sun ƙaru, ƙaruwar kuma ta fi yawa ga 'ya'yan marasa ƙarfi. A 2018 aka buɗe laburare na intanet wanda duk ɗan ƙasa zai iya aron littafi a ciki kyauta. Koriyar XO kuwa tuni aka maye gurbinta da wasu na'urori, ƙananan yara a ba su mai shafawa, manya a ba su mai maɓallai.

Ranar da aka ga amfanin wannan dogon shiri ita ce lokacin annobar korona. A tsakiyar Maris na 2020 aka rufe makarantu, shekarar karatu ko wata guda ba ta yi ba. A ƙasashe da yawa nan karatu ya tsaya cik. A Yurugwai yara suna da na'ura a gida, malamai sun saba da dandalin da ake aika aiki a karɓa, an kuma yafe kuɗin shiga shafukan karatu. Duk da haka ba kowane yaro aka samu ba, musamman a gidajen da talauci ya fi yi wa katutu. Abin mamaki kuma, ƙasar da ta fi kowa shiri a wannan yanki ita ce ta fi kowa gaggawar komawa aji. Ran 22 ga Afrilu aka fara buɗe ƙananan makarantun karkara, kafin ƙarshen Yuni an buɗe saura. Su da suka fi kowa sanin abin da na'ura ke iya yi, ba su yarda ta tsaya a madadin aji ba.

Kada a ɗauka ciwon ilmin ƙasar ya warke. Har yanzu kusan rabin matasanta ba sa kammala babbar sakandare, kuma tazarar da ke tsakanin ɗan mai hali da ɗan talaka a jarrabawa tana nan. Kwamfuta ta rufe giɓin mallakar na'ura, wannan kam ba gardama, amma sauran giɓin sun fi ƙarfinta.

Cikin Yulin 2023 hukumar UNESCO ta fitar da babban rahotonta na shekara a kan na'urorin zamani a makarantu, kuma Montevideo ta zaɓa don ƙaddamar da shi. Rahoton ya ce ingantattun hujjojin da ke nuna na'ura na ƙara ilmi ba su da yawa, wani kaso mai yawa na waɗanda ake da su ma daga masu sayar da na'urorin suka fito. Ya ja kunne a kan wayar hannu a aji, ya kuma nemi a sa na'ura ta tallafa wa hulɗar malami da ɗalibi maimakon ta ture ta. Daga zauren da ministoci suka taru suka saurari wannan bayani zuwa makaranta mai lamba 24 tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce a mota. Yaran da suka karɓi kwamfutocin farko a can duk sun ba shekara 20 baya, waɗanda ke kan kujerunsu a yau kuwa ba a haife su ba lokacin da aka ɗauki hoton saniyar nan, amma farar taguwa da shuɗin ƙyalle suna nan yadda suke.